Admin Tasawwur da Sanduƙin Baji Farkhanda

Idan ka shigo layin masu ɗab'i a Multan ka tambayi Injiniya Tasawwur, za a nuna maka wani ɗan shago da ke maƙale tsakanin nawa da matakalar bene. Allon da ke saman ƙofar ya fi shagon faɗi. Shi ya rubuta wa kansa “Injiniya” da fenti ruwan gwal bayan ya dawo daga Dubai, inda ya yi wani ɗan zama da ko kayan da ya tafi da su ba su kai ga wanki ba. Sana'arsa ta gaskiya sayar da rigar waya ce da manna gilashi. Ni kuwa Ghazanfar mai hoto, bango ɗaya ya raba mu, kuma ƙanwata yake aure. Saboda haka abin da zan faɗa na gani da idona, wani ma a kaina ya ƙare.

Ya taɓa gyara mini fanka a tsakiyar zafi. Da ya gama sai ta koma juyawa da baya, tana zuƙe 'yar iskar da ta rage a ɗakin. Na yi magana, ya dube ni da tausayi.

“Bhai, ɗan'uwana, ba ka fita ƙasar waje ba ne. Janye zafi take yi. A Dubai duk haka suke.”

To wannan shi ne Tasawwur.

A ƙarƙashin matakalar maɗaba'ar Baji Farkhanda, wato Yaya Farkhanda, akwai wata baƙar kwamfuta da ba ta da allo, dare da rana tana gurnani. Saba ce, wato ma'ajiyar fayilolin kowa, amma mu Sanduƙi muke ce mata. 'Yar Baji, Tehmina, wadda ta karanci kwamfuta a jami'a, ita ta haɗa ta. Kowane mai shago da ke kawo aiki maɗaba'ar yana da foldarsa a ciki. Abin da ka saka a wayarka ko kwamfutarka, nan take zai bayyana a kwamfutar maɗaba'a. Naka naka ne, babu mai leƙa na wani. Ni ina ajiye hotunan biki, Masta Liyakat tela yana ajiye zanen ɗinki, Hakim Sibtain mai maganin gargajiya yana ajiye tallace-tallacensa. Har Malik Nawazish, dillalin takarda kuma shugaban ƙungiyar 'yan kasuwar layin, yana da tasa. Shekaru muna haka lafiya lau.

Sai Tehmina ta tafi Umara da mijinta. Kafin ta tafi ta ce wa uwarta kada a taɓa komai. Aka yi rashin sa'a, bayan tafiyarta wani ɗan rubutu ruwan ɗorawa ya fito a kwamfutar maɗaba'a yana cewa sabon samfurin manhajar ya fito. Aka kuma ƙara rashin sa'a, Tasawwur ya shigo shan shayi ya gani.

Ya ajiye kofin, ya dafe ƙirji. “Baji, tun yaushe wannan abin yake nan?”

“Wane abu kuma?”

“Ruwan ɗorawa, Baji! Ciwon shawara ke nan a jikin na'ura. Daga shi sai ja, daga ja sai makara.”

Baji Farkhanda mace ce da ko 'yan haraji sai sun gyara wuyan riga kafin su shiga wurinta, amma Sanduƙi tsoronsa take ji. Ga shi kuma a satin ne za ta buga katin bikin ɗan Malik Nawazish, aikin da duk layin ya zuba wa ido.

“Tehmina ta ce kada a taɓa.”

“Tehmina yarinya ce mai ƙoƙari,” in ji shi, “amma a littafi ta koya. Ni a hannu na koya. A Dubai akwai sabar da sai an saka rigar sanyi ake shiga ɗakinta, ni da singileti nake shiga, don mun saba da juna.”

Ya yi ta yi mata ruwan baki har ta faɗa masa kalmar sirrin admin. Yana fitowa ya ja ni gefe ya buɗe mini shirinsa. Zai sabunta Sanduƙi, ranar Juma'a bayan la'asar ya nuna wa taron ƙungiya a babban allo, Malik ya naɗa shi shugaban fasaha na layin. Daga nan sai kasuwar 'yan yadi, sai ta 'yan tangaran, sai Multan gaba ɗaya ta dawo ƙarƙashin yatsansa.

Na ce, “Ka taɓa riƙe irin wannan manhajar?”

Ya nuna mini wani bidiyo a wayarsa. Wani mutum mai gemu yana bayani a gaban shuɗin allo, maɓallai jere a hagu, kowanne da sunansa a rubuce.

“Na haddace shi kamar karatun sallah. Na uku daga sama, ajiye kwafin komai. Akwatin sama, bincike. Ja na can ƙasa, kashewa a kunna. Me ya rage?”

“Bidiyon nan kamar ya tsufa fa. Dubi kayan mutumin.”

“Bhai, ilimi ba ya tsufa. Je ka wanke hoto.”

Washegari da hantsi ya zo da 'yar shara a kan kaftaninsa, ya sa aka ba shi kujerar Baji mai juyawa. Mutane suka taru a ƙofa, Masta Liyakat da tef ɗin awo a wuya, Hakim Sibtain yana shafa gemunsa mai lalle. Tasawwur ya murza yatsu, ya yi bisimilla da ƙarfi don na baya su ji, ya danna “sabunta”.

Sanduƙi ya yi shiru, ya yi tari, ya dawo da gurnaninsa. Allon ya buɗe fari fat. Shuɗin nan babu. Maɓallan sun bar hagu sun koma dama, kuma babu mai rubutu a jikinsa ko ɗaya, sai 'yan zane-zane: ga gajimare, ga kawunan mutane, ga ƙararrawa.

Ya matso da fuskarsa kusa da allon.

“Wannan bai yi kama da na mai gemu ba,” in ji ni.

“Fenti suka canja. Don an sake wa mota fenti, birki zai koma but ne?”

Ya ɗora yatsa a allon ya ƙirga daga sama. Na uku shi ne mai kawunan mutane. Wata tambaya ta fito da Turanci, bai tsaya karantawa ba ya danna “i”.

“Shi ke nan, na ajiye kwafin komai. Yanzu ko gobara aka yi...”

Wayar Masta Liyakat ba ta wurin, ya baro ta gida. Amma ta Hakim ta yi ƙara. Tawa ta yi. Ta mai shayi da ke waje ta yi. Ƙarar ta bi layin shago-shago kamar mai bara. A tsohon samfuri maɓalli na uku ajiye kwafi ne. A sabo kuwa, raba wa kowa ne. Duk foldar da ke cikin Sanduƙi ta fara sauka a wayoyin duk mutanen layin.

Wanda ya fara ihu mai shayi ne. Ya buɗe foldar Hakim, ya ci karo da hotunan ciwukan da ba a kallonsu a kan abinci, ya ajiye buta ya nufi bayan shago da sauri. Hakim kuma ya buɗe tawa.

Ni ina da folda biyu ga kowane mutum, kafin gyara da bayan gyara. Ban taɓa nuna wa kowa ta farko ba, ko mai ita. Malik Nawazish kuwa tun da na san shi ba a taɓa ganinsa babu hula ba, kuma hotonsa da ke rataye a ofishin ƙungiya yana ɗauke da suma baƙa wuluk mai tsaga a gefe. Ni na dasa ta, gashi-gashi, da linzamin kwamfuta. Kafin azahar babu wanda bai ga asalin kan ba, yana ƙyalli kamar bayan faranti. Da Malik ya ratso layin, kowa ya gaishe shi da ladabi fiye da kullum, amma babu wanda ya dubi fuskarsa. Hular kawai ake gaisarwa.

Na shaƙi wuyan 'yar sharar Tasawwur. “Ka kashe mini sana'a!”

“Sake ni, Bhai, guga ce a jiki. Wannan shi ake kira gaskiya da riƙon amana. Turawa yanzu ba sa ɓoye wa juna komai.”

Ban kai ga ba shi amsa ba muka ji hayaniya daga shagon tela. Matar Masta Liyakat ce ta sauko daga babur mai ƙafa uku, mayafi a ɗamare, wayarsa a hannu tana ɗaga ta sama kamar tuta.

“Liyakat! Fito nan! Su wane ne waɗannan?”

Amaren da na ɗauka tun bara ne suka cika wayar, kowacce da jan lehenga, kayan amarci, da gwal, wata na murmushi, wata na kallon ƙasa.

“Wallahi ban san ko ɗaya ba,” in ji Masta, almakashi a hannunsa.

“Ba ka san su ba suka yi maka kwalliya haka? Ni ka ce in rage sayen turare, ashe ga inda ake zubawa!”

“Bhabi,” na ce, yadda muke kiran matar ɗan'uwa, “hotunana ne, na aiki...”

Ta juyo kaina. “Au, kai ne dillalin? Kai ke kawo masa su?”

Na ja da baya. Masta ya fizge wayar, don ya nuna mata zuciyarsa fara ce, ya zaɓi foldar gaba ɗaya ya goge a gabanta. Ta huce, ta karɓi kuɗin cefane ta tafi.

Na koma shago ina goge gumi, na tarar da kwamfutata tana aikin da ban sa ta ba. Hotuna suna ɓacewa ɗaya bayan ɗaya. Tunda yanzu foldar ta kowa ce, abin da Masta ya goge a wayarsa ya gogu a wurin kowa. Bikin da na ɗauka a satin, wanda ban ma kai wa masu shi ba, ina kallo ya narke kamar ƙanƙara a kwalta.

Na shiga maɗaba'a da gudu, takalmi ɗaya a ƙafa.

“Kwantar da hankalinka,” in ji Tasawwur. “Akwai kwandon shara a ƙasan shafi, mai gemu ya nuna. Duk abin da aka goge yana can.”

Ya gangara ƙasan shafi. Babu kwando. Ya haura sama. Babu. Ya leƙa bayan kwamfutar, Allah ne shaidata.

“Ina kwandon?”

“Ka ga ci gaba ke nan. Sabon samfuri ba ya tara shara. Tsafta ce.”

“Tsaftar uwar wa? Amarya na jiran hotunanta!”

“Ka sake ɗauka mana. Ai ba mutuwa ta yi ba.”

Baji ce ta shiga tsakaninmu da sandar naɗin takarda. Ta kira Tehmina, wayar a kashe. Ta ce wa Tasawwur ya mayar da komai yadda ya same shi kafin ta mayar da shi yadda uwarsa ta haife shi. Ya sake zama, yana danne-danne da sauri don a ga ana aiki. Sai wata tambaya ta fito. Wannan karon na karanta ta bayansa. Cewa take an sami fayiloli masu suna iri ɗaya, wanne za a riƙe? Tsohon samfuri ba ya tambaya, ajiye duka biyun yake yi, kowa da nasa. Sabo kuwa admin yake tambaya sau ɗaya, amsar ta hau kan kowa.

“Ka bar duka biyun,” na ce.

“Ɓarnar wuri. Wanda ya fi sabunta shi ne daidai. Wa yake cin burodin jiya ga na yau?”

Ya danna. Babu abin da ya yi ƙara, babu wanda ya yi ihu, sai muka ɗauka wannan karon ya dace.

Abin da ba mu tuna ba shi ne, duk mutumin layinmu idan ya gama aiki suna ɗaya yake ba shi: “kati na ƙarshe”. Shafin ciki na katin bikin ɗan Malik sunansa ke nan. Sabon tallan da Hakim ya gama a safiyar nan ma sunansa ke nan. Da yamma Ustad Karamat, mai kula da injin, ya buɗe fayil ya buga. Shi Ustad ba ya karanta abin da yake bugawa tun ranar da ya gyara wa wani mawaƙi baiti aka bi shi da takalmi har bakin titi. Bangon katin an riga an buga shi tun satin baya, da ruwan gwal. Inji ya ninke, aka zuba a ambulan aka liƙe, mutanen gidan Malik suka kwashe suka shiga rabo.

Ranar Juma'a bayan la'asar aka kafa rumfa a tsakiyar layi, aka jera kujeru, aka rataye farin zani a matsayin allo, aka fito da kwamfutar maɗaba'a aka haɗa ta da majigi. Ga samosa, ga shayi, ga kwandon mangwaro da Malik ya kawo daga gonarsa. Mutane sun cika, galibinsu ba fasaha ta kawo su ba, sun zo ganin yadda za a ƙare ne. Malik ya zauna a gaba, ya danna hularsa har gira. Tasawwur ya fito da sabuwar 'yar shara da tabarau marar magani.

“Jama'a,” ya ce, “kwanakin nan kun ga wasu 'yan sauye-sauye. Mai haƙuri ya gane, marar ilimi ya yi surutu. Jirgin sama ma idan zai tashi sai ya ɗan girgiza...”

Babur mai ƙafa uku ya tsaya a bakin rumfar da ƙarar birki. Wani ƙaton mutum mai murɗaɗɗen gashin baki ya sauko a hankali, a karkace, yana cije leɓe. Rana Dilawar ne, uban amarya, surukin da Malik ya daɗe yana alfahari da shi. Kati ne a hannunsa.

Malik ya miƙe da fara'a. “Rana Sahib! Lale marhabin. A kawo kujera. Zauna, zauna.”

Fuskar Rana ta yi ja kamar garwashi. “In zauna? Har a gaban mutane ma sai ka faɗa?”

“Me na faɗa?”

“Magana na gaya maka a asirce, tsakanin suruki da suruki. Na ce kada ko matarka ta ji. Shi ne ka buga da ruwan gwal ka raba wa dangina?”

Ya buɗe katin ya karanta da muryar da ta kai ƙarshen layi. “Malik Nawazish da iyalansa suna farin cikin gayyatar ku.” Ya juya ciki. “Zama ya gagare ka? Kana cin abinci a tsaye kamar doki? Kada ka ji kunya, ba kai kaɗai ba ne. Basir ba ya gagarar mu. Zo da safe kafin ka karya, a yi maka ba wuƙa ba ɗinki. Mata da maza, kowa da ƙofarsa.”

Can baya Hakim Sibtain ya ɗaga yatsa a hankali.

“Rubutuna ne wannan. Amma ban biya na ruwan gwal ba.”

“Yayata ta kira ni daga Bahawalpur,” in ji Rana, “tana tambaya wace ƙofa za ta bi! Malik, in haka kuke karɓar baƙi, 'yata ba za ta shiga gidanka ba.”

Malik ya juya ya dubi Baji, Baji ta juya ta dubi Tasawwur, duk rumfar ta juya tare da ita.

“Ƙaramar matsala ce,” in ji shi, murya ta sirance. “Katin asali yana ciki. Yanzu zan fito da shi.”

Ya zauna gaban kwamfuta. Abu na farko da ya yi shi ne zare wayar majigi, farin zanin ya yi duhu.

“Me ya sa ka kashe?” in ji Malik.

“Sirrin aiki, Malik Sahib. Likita ma ba ya fiɗa a gaban dangi.”

Ya sunkuya, ya kare allon da kafaɗa, ya rubuta wani abu a dogon akwatin da ke sama. A wurin mai gemu akwatin bincike ne. A sabon samfuri kuwa akwatin sanarwa ne, abin da admin ya rubuta a ciki kowa zai samu.

Duk wayoyin rumfar suka yi ƙara lokaci ɗaya. Masta Liyakat ya ɗaga tasa nesa da ido ya karanta da ƙarfi.

“Sanarwa daga admin. Yaya ake dawo da fayil da aka goge kafin mai shi ya gane.”

Tasawwur ya ɗago. “Wa ya turo wannan? Kun gani ko, 'yan kutse ne! Na san za su zo.” Ya sake sunkuyawa.

Wayoyi suka sake ƙara. Wannan karon mai shayi ne ya karanta.

“Sanarwa daga admin. Yaya ake janye saƙon da ya riga ya tafi, don Allah da gaggawa.”

Wani ya fara dariya a baya, ya mayar da ita tari. Gumi ya jiƙe sabuwar 'yar shara. Na matsa kusa na ce, “Tasawwur, cire hannunka daga akwatin nan.”

“Bhai, kada ka koya mini aikina.”

Ƙara ta uku. Rana Dilawar ba ya cikin Sanduƙi, saboda haka ya karɓi wayar Malik ya karanta da kansa, a hankali, kalma-kalma.

“Sanarwa daga admin. Motar Karachi ƙarfe nawa take tashi yau.”

Rumfar ta fashe. Mutane suna dukan cinya, Ustad Karamat ya faɗo daga kujera da samosa a baki. Tasawwur ya miƙe ya ɗaga hannu biyu.

“Shiru! Na'ura ce ta rikice, kuma maganinta ɗaya ne. A kashe a kunna. Ga jan maɓalli nan.”

Baji ta yi kukan kura. “Kada ka taɓa! Tasawwur, na haɗa ka da Allah!”

Ya taɓa. Tambaya ta fito da manyan jajayen haruffa, ya danna “i” kamar yadda ya saba. A tsohon samfuri jan maɓalli kashewa da kunnawa ne. A sabo kuwa an tanade shi ne don ranar da aka sace wa mutum waya: yana share duk abin da ke na Sanduƙi daga na'urar. Da yake ya haɗe kowa a rukuni ɗaya, sai ya share na kowa.

Dariyar ta tsaya cak. Kowa ya zuba wa wayarsa ido. Zanen ɗinkin Masta, tallan Hakim, hotunan jikokin mai shayi da ya ajiye can don tsaro, duk suka tafi. Allon kowa fari tas.

“Kun gani?” in ji Tasawwur, yana ja da baya. “Waya ta yi sauƙi. Ku ɗaga ku ji.”

Masta ne ya fara cire takalmi. Tasawwur ya juya zai ruga, wayar majigi ta harɗe masa ƙafa. Ya kama farin zanin don kada ya faɗi, zanin ya jawo gora, gora ta jawo rumfa. Ya tafi da baya ya zauna daɓas cikin kwandon mangwaro, rumfar ta rufto a kan sahun gaba. Da aka ɗaga tamfol ɗin, Malik Nawazish ya fito da rarrafe. Hularsa ta tsaya a ciki. Rana ta yamma ta sauka a kan kansa, har na ƙarshen layi sai da ya kare ido.

Rana Dilawar ya dubi kan surukinsa, ya dubi katin hannunsa, ya dubi Tasawwur da ke ƙoƙarin tashi daga mangwaro yana zamewa. Gashin bakinsa ya fara rawa. Sai dariya ta ƙwace masa, yana yi yana dafe ƙugu yana cewa wayyo, don dariyar ma taɓa masa ciwon take.

“Malik,” ya ce yana share hawaye, “kai da naka a sama, ni da nawa a ƙasa. Mun yi daidai. A yi biki.”

Ya miƙa masa hular da hannunsa. Daga baya na hango shi ya ja Hakim bayan shagon tela suna ƙus-ƙus.

Hukuncin da Malik ya yanke shi ne Tasawwur ya bi gida-gida, a ƙafa, cikin zafin Multan, ya karɓo katunan ya ba da haƙuri. Ya tafi da buhu ya dawo da shi kusan wayam. Wasu sun ce za su ajiye don tarihi, wasu sun ce sun ɓatar amma suna kauce wa idonsa. A satin nan layin da ke ƙofar Hakim ya kai har shagona, kuma yawancinsu a tsaye suke jira duk da ga benci. Ƙanwata ta yi kwanaki tana ba shi abinci ba tare da ta ce masa uffan ba, ni kuma na daina amsa sallamarsa.

Da Tehmina ta dawo, ko hutawa ba ta yi ba ta zo maɗaba'a da dabino da ruwan Zamzam. Ta saurari labarin daga bakin mutum biyar a lokaci ɗaya, ta rufe fuska da mayafi, kafaɗunta suna rawa. Sannan ta zauna. Ashe kwandon sharar yana nan, an mayar da shi wani shafi ne daban. Jan maɓallin ma wayoyi ya share, bai taɓa cikin Sanduƙi ba. Kafin shayi ya huce amarena sun dawo, zanen Masta ya dawo, kowace folda ta koma wurin mai ita. Aka sake buga kati, Ustad Karamat ya karanta shi sau biyu da ƙarfi a bakin ƙofa kafin ya kunna inji.

Tasawwur ya leƙo, fuska ta ƙone da rana, ya ce shi ma dama abin da yake shirin yi ke nan aka katse shi. Baji ta laluba sandar naɗin takarda. Tehmina ta riƙe hannunta.

“Bar shi, Ammi,” ta ce wa uwarta. “Kawu Tasawwur, kawo wayarka. Zan buɗe maka matsayi na musamman, babu mai irinsa a layin nan.”

Ta buɗe masa asusun da ba ya iya gogewa, ba ya iya rabawa, ba ya iya aika komai. Idan ya shiga, farin shafi ne kawai da sunansa a sama.

Da yamma na same shi a wurin mai shayi, ya tara 'yan kasuwar yadi da ba su san labarin ba, yana zagayawa da wayar a gaban hancin kowa.

“Ku duba da kyau. Kun ga maɓalli ko ɗaya?”

Suka ce babu.

“To haka na manya yake. Ku kuna ganin shugaban ƙasa da kansa yake danna abu?”